Gyaran Hanyar Tseren Keke na Faris zuwa Rube a Ƙuryar Arewacin Faransa, 1896-2025

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta bi diddigin yadda aka yi ta gyaran hanyar wani tseren keke da ake yi shekara-shekara a ƙuryar arewacin ƙasar Faransa, daga wajen birnin Faris zuwa garin Roubaix, wanda masu garin ke furtawa Rube, dab da kan iyakar Baljiyam. Tsere ne na yini ɗaya, na waɗanda suka ɗauki hawan keke sana'a, kuma galibi cikin watan Afrilu ake yinsa. Tsawonsa ya kai wajen kilomita 260, watau ya ɗara tafiyar Kano zuwa Kaduna. Abin da ya fid da shi daga cikin sauran tsere shi ne, wajen kilomita 55 na wannan tafiya a kan tsofaffin hanyoyin ƙauye ake yinsu, waɗanda aka daɓe da sassaƙaƙƙun duwatsu, kowane dutse ya fi dunƙulen hannun ƙato, ga ramuka a tsakaninsu, ga taɓo in an yi ruwa, ga ƙura in ba a yi ba.

Mai kallon tseren a talabijin yakan ɗauka waɗannan hanyoyi gado ne da aka riƙe tun ranar da aka fara tseren a 1896. Abin da nake so in nuna wa mahalarta wannan taro shi ne, ba haka al'amarin yake ba. Kusan duk wuraren da tseren ya yi suna da su a yau, bayan shekarar 1965 aka shigo da su, kuma da gangan aka je aka nemo su. Dalili kuwa shi ne kalmar "gyara" ba abu ɗaya take nufi ba a bakin mutumin ƙauyen da hanyar ta ratsa, da mai shirya tseren, da mahayin da zai ɗora ƙashinsa a kanta.

Asalin tseren

A ƙarshen ƙarni na 19 Rube gari ne na masaƙu, kewayensa kuma ƙasa ce ta haƙar kwal. Wasu attajiran masaƙa biyu, Théodore Vienne da Maurice Perez, suka gina filin tseren keke a garin cikin 1895. Da suka ga filin yana bukatar abin da zai jawo masa 'yan kallo, sai suka rubuta wa jaridar wasanni ta Le Vélo da ke Faris, suka ba da shawarar a shirya tsere daga babban birnin ya ƙare a filinsu. Jaridar ta tura ma'aikacinta Victor Breyer ya dubo hanya. Ya tafi da mota har Amiens, daga nan ya hau keke cikin ruwa da iska. Labarin da aka saba bayarwa shi ne ya isa Rube a jiƙe, a galabaice, da niyyar buga waya Faris a fasa wannan tsere, amma da masu masaukinsa suka cika masa ciki da daddare sai ya sake shawara.

An yi tseren farko ran 19 ga Afrilu 1896, tsawonsa kilomita 280. Wani Bajamushe, Josef Fischer, shi ya ci, cikin awa 9 da minti 17, aka ba shi kuɗin da ya kai ladan mai haƙar kwal na wata bakwai. Maurice Garin, mazaunin Rube, ya zo na uku, sa'an nan ya ci a 1897 da 1898.

A nan ya kamata mu lura da abu ɗaya, domin a kansa sauran bayanin ya dogara. Breyer bai je neman mummunar hanya ba. Babbar hanya ya bi, wadda kowane mai keken doki ke bi, ta Amiens da Doullens da Arras. Daɓen dutse a wancan zamani shi ne hanyar kirki, shi ne abin da hukuma ke yi inda manyan kaya ke wucewa don kada amalanke ta nutse cikin taɓo. Mahayan ma ba son duwatsun suke ba. Duk inda suka sami 'yar turba mai laushi a gefe, nan suke bi. Wurin da aka fi jin tsoro a tsohuwar hanyar shi ne hawan tudun Doullens, inda galibi ƙarfafa kan rabu da raunana.

Ko sunan nan da aka san tseren da shi, watau Jahannamar Arewa, ba daga duwatsu ya samo asali ba. An dakatar da tseren daga 1915 zuwa 1918 saboda Yaƙin Duniya na Farko, wanda aka gwabza shi a kan wannan ƙasa, Rube kuwa ta shekara huɗu a hannun Jamus. Cikin waɗanda yaƙin ya ci har da zakarun tseren biyu, François Faber da Octave Lapize. Da aka tashi komawa tsere a 1919, masu shiryawa da 'yan jarida suka fita duba abin da ya saura na hanya, suka tarad da ƙauyuka a rushe, itatuwa a ƙone, gonaki duk ramukan bam. Abin da suka gani ke nan suka kira jahannama. Daga baya ne, da aka manta da kufai, sunan ya koma kan daɓe.

Kwalta ta ci hanya

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda shi ma ya hana tseren daga 1940 zuwa 1942, Faransa ta shiga sake gina kanta. Motoci suka yawaita, aka bi manyan hanyoyi ana malala musu kwalta, sa'an nan aka gangaro kan na gundumomi. Babu mai hankalin da zai ga laifin wannan. Ma'aikacin masaƙa da ke sammako a kan keke, da direban motar asibiti, da manomin da gatarin amalankensa ke karyewa, duk kwalta suke roƙo.

Daɗin daɗawa, sai talabijin ta shigo. Da aka fara nuna tseren kai tsaye, mutanen Arewa suka ga yadda sauran ƙasar ke kallonsu: baƙin hayaƙi, tulin tarkacen kwal, hanyoyi irin na zamanin kakanni. Shugabannin ƙungiyar da ke kula da daɓen a yau sun sha ba da labarin cewa a wancan lokaci, da zarar magajin gari ya ji tsere zai bi ta ƙauyensa, sai ya yi maza ya sa a rufe duwatsun da kwalta, don kada a nuna tsiraicin garinsa a idon duniya. Ashe tseren da kansa yake jawo abin da ke kashe shi.

Ana iya ganin sakamakon a cikin alƙaluma. A 1964 Peter Post na Holan ya ci tseren da gudun kilomita 45.1 cikin awa, iska tana bayansa, gudun da ba a sake yin irinsa ba sai 2017. A 1965 daɓen da ya rage a duk tsawon hanyar bai wuce kilomita 22 ba. To, arewacin Faransa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, ba ta da duwatsun hawa irin na kudu. In an ɗauke daɓe, babu abin da zai warwatsa mahaya; sai su taho cunkus kamar garke, a bar wa masu zafin gudun ƙarshe su raba gardama cikin mita ɗari biyu. Irin wannan tsere kuwa akwai shi birjik a Turai, babu dalilin da zai sa a damu da na Rube. Garin gyaran gira, ido ya kusa tafiya.

Neman daɓe

Matakin farko da aka ɗauka shi ne na 1966, lokacin da aka ɗage wurin tashi daga Faris zuwa Chantilly, wajen kilomita 50 arewa da birnin. Hikimar ita ce, kilomitocin da aka rage daga farko sai a kashe su a ƙarshe, ana karkatawa gabas, wajen Valenciennes, inda ƙananan hanyoyin gona da na mahaƙa ba su riga sun ga kwalta ba. Ta haka aka yi ban kwana da Amiens da tudun Doullens. A 1977 aka ƙara matsawa zuwa Compiègne. Saboda haka tseren da ake kira na Faris ya fi rabin ƙarni rabonsa da tashi daga Faris.

Duk da haka kwalta ba ta daina bin sawu ba. Bayan tseren 1967, wanda Jan Janssen ya ci, shugaban masu shiryawa, Jacques Goddet, ya ɗora wa Albert Bouvet nauyin ya nemo daɓe duk inda yake. Bouvet tsohon mahayi ne, ya ci tseren Faris zuwa Tours a 1956. Shi kuma ya nemi taimakon abokinsa Jean Stablinski, ɗan wasu baƙi 'yan Folan da suka zo cin rani ƙasar kwal suka zauna. Stablinski ya yi aikin rami yana saurayi kafin keke ya fid da shi, har ya zama zakaran duniya a 1962. Shi ya kai Bouvet wata hanya da ta ratsa dajin Raismes-Saint-Amand-Wallers, kusa da mahaƙar kwal ta Arenberg.

Wannan hanya ta cancanci a tsaya a kanta. Sunanta a takardun hukuma Drève des Boules d'Hérin. Miƙaƙƙiya ce sak kamar an ja zare, tsawonta kilomita biyu da 'yan ɗari uku zuwa huɗu na mita, faɗin daɓenta wajen mita uku. Itatuwa sun rufe ta dama da hagu, rana ba ta cika samunta ba, don haka duwatsun kullum da danshi da gansakuka. Ba a jera su da kyau ba tun asali, ramukan kwal da ke ƙarƙashin dajin kuma sun sa ƙasa tana zaftarewa a hankali, har wani dutse ya ɗara maƙwabcinsa tsawo da 'yan yatsu biyu ko uku. Ga shi kuma daga ƙauyen Arenberg gangare ake shigarta. Wani ɗan jarida, Pierre Chany, ya laƙaba mata sunan irin ramin nan da soja ke haƙawa a fagen fama, sunan kuwa ya bi ta. An fara bin ta a 1968, shekarar da Eddy Merckx ya ci tseren karo na farko. Stablinski yana cikin mahayan ranar, shi ya sa ake cewa shi kaɗai ne ya yi aiki a ƙarƙashin wannan hanya ya kuma yi tsere a kanta.

Sauran wuraren da suka yi suna a baya suka biyo: Mons-en-Pévèle mai kilomita 3 a ƙarshen shekarun 1970, da Carrefour de l'Arbre mai kilomita 2.1, wanda ke wajen kilomita 17 kafin ƙarshe, kusa da filin da aka yi yaƙin Bouvines a 1214. Sannu a hankali aka kai ga tsarin da aka sani yanzu: kilomita kusan ɗari na farko a kan kwalta, daga ƙauyen Troisvilles kuma a shiga yankunan daɓe wajen talatin, ana ƙirga su daga sama zuwa ƙasa, kowanne da taurari ɗaya zuwa biyar gwargwadon tsananinsa. Uku ne kawai ke da taurari biyar, su ne waɗannan da na ambata.

A ganina, wanda duk zai rubuta tarihin wannan tsere ya kamata ya raba shi biyu a shekarun 1966 zuwa 1968. Kafin nan, hanya ce ta ba da tsere. Bayan nan, masu tsere ne ke ƙera hanya, suna zana ta a taswira tana karkace-karkace cikin gonaki kamar tafiyar maciji, daga wannan guntun daɓe zuwa wancan. Babu matafiyin da ke da wata bukata a Rube da zai bi ta nan.

'Yan sa-kai da magadan gari

Nemo daɓe abu ɗaya ne, hana shi ɓacewa kuma wani abu ne dabam. Waɗannan hanyoyi na ƙauyuka ne, ba na masu tsere ba. Kwana ɗaya ake tsere a kansu, sauran kwanakin shekara kuwa taraktoci ne ke bin su, ɗauke da wani irin tushe da ake yin sukari da shi. Nauyin tarakta yakan danne gefe biyu ya bar tsakiya a tashe kamar doron raƙumi, ruwa ya kwanta a gefen, ƙasar gona ta rufe duwatsun.

Daga ƙarshen shekarun 1970 wasu masoya tseren, a ƙarƙashin jagorancin Jean-Claude Vallaeys, suka haɗu suka kafa ƙungiyar da ake kira Les Amis de Paris-Roubaix, watau Aminan Tseren. Aikinsu iri biyu ne. Na farko na baki: bin magadan gari da majalisun gundumomi ana lallashinsu su bar daɓen yadda yake. Na biyu na hannu: kankare ƙasa, fid da magudanar ruwa, tone duwatsun da suka nutse a sake jera su a kan yashi, da cike gurbin waɗanda 'yan kallo suka ɓanɓare suka tafi da su gida don tunawa. Suna yi wa kansu kirari da fursunonin daɓe. Tun 1977 kyautar da ake miƙa wa wanda ya ci tseren dutse ce guda daga irin waɗannan, an ɗora ta a kan 'yar matashiya. Roger De Vlaeminck ne ya fara ɗaga ta, a cinsa na huɗu.

Akwai wani ɓangare na wannan aiki da ya kamata ya ja hankalin mu malamai. Jera dutse sana'a ce da ta kusa mutuwa tare da tsofaffin da suka iya ta. Sai aka shigo da makarantun koyon aikin lambu na yankin, irin na Raismes da Lomme, ɗalibai suna fita da malamansu kafin tsere suna gyara yankunan da suka lalace, aikin kuma yana cikin abin da ake koya musu. Hanyar ta zama aji.

Da tafiya ta yi nisa sai al'amarin ya juye. Masaƙu suka rufe, mahaƙar Arenberg ta tsaya a 1989, yankin ya rasa abin da aka san shi da shi. Abin da dā ake ɓoyewa don kunya ya zama abin da ke kawo baƙi da kuɗinsu. Magadan garin da iyayen gidansu suka zuba kwalta, su ne suka koma roƙon a biyo ta ƙauyensu. A 1996, don cikar tseren shekara ɗari, aka shimfiɗa sabon daɓe na mita 300 a cikin garin Rube, dab da filin ƙarewa, aka sa masa sunan Charles Crupelandt, ɗan garin da ya ci a 1912 da 1914. A 2002 kuma aka tono wata tsohuwar hanya da ƙasa ta binne kusa da injin niƙa na Vertain, a Templeuve, aka shigar da ita. A 2012 Unesco ta sa yankin haƙar kwal ɗin gaba ɗaya, har da hasumiyoyin Arenberg, cikin wuraren tarihi na duniya. Har awaki aka kai dajin a 2023 su cinye ciyawar da ke tsirowa tsakanin duwatsu.

Dajin Arenberg da lafiyar mahaya

Saura mutum na uku, wanda ba a cika tambayarsa ba, watau mahayi. Ba dukansu ke ƙaunar wannan tsere ba. Bernard Hinault bai taɓa ɓoye ƙyamarsa gare shi ba, ya ci shi a 1981 don dai a daina yi masa gori, amma wannan bai hana a sa wa wani yankin daɓe sunansa ba.

Arenberg na da nisan kusan kilomita ɗari daga ƙarshe, don haka ba a nan ake cin tseren ba, amma a nan da yawa ke rasa shi. Wanda ya shiga dajin a baya, in wani ya faɗi a gabansa, shi ke nan. Saboda haka kowa so yake ya shiga cikin na gaba, mutum fiye da ɗari suna rububin ƙofa mai faɗin mita uku, a gangare, da gudun da ya kai kilomita 60 cikin awa. An taɓa cire dajin daga tseren a 1974, ba a komo da shi ba sai bayan kusan shekara goma. A 1998 Johan Museeuw na Baljiyam ya faɗi a nan, ƙoƙon gwiwarsa ya farfashe, ciwon ya ruɓe har aka yi tunanin yanke ƙafar. A 1999 aka juya tseren ya shiga dajin ta ɗaya bakin don a rage gudu, amma ba a daɗe ba aka koma yadda aka saba. Museeuw ya warke, ya ci tseren 2000, ya shiga filin Rube yana nuna gwiwar da yatsa. A 2001 Philippe Gaumont ya karya ƙashin cinya a wannan wuri. A 2005 masu shiryawa da kansu suka ce lalacewar ta wuce kima, suka kauce wa dajin. Hukumomin yankin suka kashe Yuro 250,000 wajen gyara, aka komo a 2006.

Abin lura a nan shi ne irin gyaran da aka yi. Ba a daidaita duwatsun su yi sumul ba. An mai da daɓen faɗinsa na dā, an gyara inda ya zaftare, an sassabe rassa don rana ta shiga. Har ila yau akan kafa shingen ƙarfe a hana mahaya zamewa su bi turbar gefe, abin da kakanninsu na 1896 ke yi ba mai hana su. Watau ana so hanyar ta wahalar, ba a so ta karya. Tsakanin waɗannan biyu kuwa tazarar ba ta da yawa, kuma kullum matsawa take, domin kekunan suna canzawa. A 1992 da 1993 Gilbert Duclos-Lassalle ya ci da keke mai sifirin a gaba. Daga baya aka koma ga tayoyi masu faɗi, har milimita 32, da iska kaɗan a ciki, suna shanye girgiza. Kowane ci gaba na keke yana ƙara gudu a kan daɓe, gudun kuma yana ƙara munin faɗuwa.

Tseren mata, wanda aka fara a Oktoba 2021, Lizzie Deignan ta Ingila ta ci, daga Denain yake tashi, kuma har zuwa 2025 ba a bi da shi ta dajin ba.

A 2024, cikin makonnin da aka yi munanan faɗuwa a wasu tsere a Baljiyam da Sifen, ƙungiyar ƙwadago ta mahaya, a ƙarƙashin Adam Hansen, ta nemi a yi wani abu game da ƙofar Arenberg. Mai tsara hanyar, Thierry Gouvenou, ya amsa, aka kafa shinge aka yi wata kwana mai kamar gwiwar hannu dab da shiga, don gudun ya ragu da kusan rabi. Ni dai ina ganin wannan shi ne muhimmin abin da ya faru ga hanyar tun 1968, ba don kwanar ta yi kyau ba, sai don a fili mahaya suka nema a ƙungiyance, aka kuma yi musu. Kansu bai haɗu ba. Mathieu van der Poel na Holan ya fito fili ya tambaya ko wasa ake yi, wasu kuma suka ce an ɗauke haɗarin ne daga kan dutse aka mai da shi kan kwalta. Shi ɗin ne ya ci tseren, ya yi kilomita 60 na ƙarshe shi kaɗai, da gudun kilomita 47.8 cikin awa, wanda kafin ranar ba a taɓa yin kamarsa ba.

A 2025 aka ajiye waccan kwana, aka zagaya da mahaya ta gefen tsohuwar mahaƙar, suka sha kwana huɗu a jere ƙarƙashin hasumiyoyinta kafin su fuskanci dajin, inda dutsen tunawa da Stablinski yake a bakin shiga. Van der Poel ya sake ci, karo na uku a jere. Babban abokin karawarsa, Tadej Pogačar, zakaran duniya a lokacin, wanda ranar ce farkon shigarsa tseren manya na Rube, ya fita daga Arenberg lafiya lau. Ya faɗi ne a wata kwanar daɓe cikin gonaki, saura wajen kilomita 38, ya tashi ya zo na biyu.